Tsakanin Hanin Shiga Ƙasar Annoba da Umurnin Neman Magani: Hukuncin Zuwa Asibiti a Lokacin Korona a Yankin Kamba da Bagudo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin Musulmin da ke da buƙatar asibiti ta yau da kullum, kamar awon ciki da rigakafin yara da karɓar maganin hawan jini ko tarin fuka, a lokacin da annoba ta game ƙasa. An ɗauki yankin Kamba da Bagudo na Jihar Kebbi a matsayin misali, saboda halin da annobar korona ta same shi a ciki a shekarar 2020. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne hanin da ya zo a Sunna game da ƙasar annoba bai shafi zuwa asibiti ba, kuma ƙaurace wa asibiti shi kansa cuta ne da shari'a ke aunawa.

Gabatarwa

Kamba ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Masarautar Argungu, tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da ke fita zuwa Gaya. Daga Gaya gada ce kawai a kan Kogin Kwara ta raba matafiyi da Malanbil ta ƙasar Benin. A kudu da Dandi kuma akwai Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Masarautar Gwandu, wadda garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya ke fuskantar ƙasar Benin. Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Kyangawa da Fulanin wannan yanki sun riga iyakokin nan zama a wurin. Auratayya da kasuwa da kiwo da su duk suna tsallaka su, haka ma neman magani.

Lokacin da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, iyakokin tudu na ƙasar sun riga sun yi wata shida a rufe, tun daga Agustan 2019, saboda yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, kafin watan ya ƙare kuma aka hana mutane ma tsallakawa. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, wato Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Kamba ba ta cikinsu, sai a Afrilun 2022 aka buɗe tata. Mutumin Kamba da ciwonsa ya fi ƙarfin Babban Asibitin garin, dole ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 ta Bunza da Kalgo kafin ya isa manyan asibitocin Birnin Kebbi, kuma a Kalgon nan ne gwamnatin jiha ta ajiye cibiyarta ta killace masu korona. Ba abin mamaki ba ne idan mai tsohon ciki ko dattijo mai ciwon suga ya tambayi kansa ko zaman gida bai fi masa ba.

Abin da hanin ya ƙunsa

Asalin mas'alar hadisi ne da Bukhari da Muslim suka fitar daga Usama bn Zaid (R.A.) da kuma Abdurrahman bn Auf (R.A.), wanda ma'anarsa ita ce Annabi (S.A.W.) ya hana shiga ƙasar da aka ji labarin ɗa'un ya ɓulla a cikinta, ya kuma hana wanda ke ciki fita don guje masa. Da wannan hadisin ne aka warware saɓanin da ya auku a Sarg, lokacin da Halifa Umar bn Khaɗɗab (R.A.) ya nufi Sham aka tarye shi da labarin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Ya shawarci Muhajirai da Ansaru suka saɓa, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa suka ce ya koma. Da Abu Ubaida bn Jarrah (R.A.) ya nuna masa cewa komawar kamar gudun ƙaddara ce, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. A wannan annobar Abu Ubaida da Mu'azu bn Jabal (R.A.) suka rasu.

Akwai abubuwa biyu a cikin hadisin da ake yawan tsallakewa. Na farko, hanin fita an ɗaure shi da niyyar gudu. Imam Nawawi ya ambata a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa malamai sun yarda da halaccin fita don wata buƙata wadda ba gudu ba. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya kasa masu fita kashi uku: wanda gudu ne kawai ya fitar da shi, hanin ya hau kansa, wanda buƙata ce tsantsa ta fitar da shi, hanin bai hau kansa ba, sai wanda ya haɗa biyun, a kansa aka yi saɓani. Matar da naƙuda ta yi wa gardama a ƙauyen Dandi aka ɗauke ta zuwa Kamba, ko daga Kamba zuwa Birnin Kebbi, tana cikin kashi na biyu ba tare da wata tantama ba.

Na biyu, hadisin yana magana ne a kan ƙasar da annoba ke ciki da wadda ba ta ciki. Idan cuta ta riga ta shiga kasuwa da tashar mota da masallaci da gidan biki, to asibiti bai zama wata ƙasa ta daban da za a ce an hana shigarta ba. Hasali ma a cikin waɗannan wurare duka, asibiti ne kaɗai inda aka ɗora wa wasu mutane aikin tantance mai zazzaɓi a bakin ƙofa da ware mai tari daga sauran jama'a. Ba a cewa babu haɗari a cikinsa, domin cututtukan numfashi suna yaɗuwa a ɗakin jira mai cunkoso kamar yadda suke yaɗuwa a ko'ina. Amma ƙiyasta shi da ƙasar Sham a shekarar Amwas ƙiyasi ne da bai cika sharuɗɗansa ba.

Yana da kyau a lura kuma cewa malamai irin su Alƙali Iyad da Ibnul Ƙayyim sun bambanta ɗa'un da waba'i. Ɗa'un cuta ce sananniya mai fitar da ƙulluwa a hammata da matsematsi, waba'i kuwa duk wata cuta ce da ta game jama'a. Korona waba'i ce. An ɗora mata hukuncin ɗa'un ne saboda sun yi tarayya a illa, wato yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka hukuncin yana tafiya ne gwargwadon illar, ba ya wuce ta.

Ma'aunin cuta biyu

Umurnin neman magani ya tabbata a hadisin Usama bn Sharik (R.A.) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Malaman wannan ƙasa ba su ɗauke shi da wasa ba. Shehu Abdullahi bn Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu a cikin wannan jiha, ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi ɗaya, Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce da dama a kan ɗibbu, har da na ciwon ido da na basur. A wannan zamani, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jidda ta yanke a zamanta na 1992 cewa hukuncin yin magani yana sauyawa da halin mutum. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa ko nakasa, ko kuma idan cutar mai yaɗuwa ce. Yana zama mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki kawai, halal idan bai kai haka ba, makaruhi kuma idan ana tsoron illar maganin ta fi ta cutar.

Wannan rabe-raben shi ne mabuɗin mas'alar, domin kalmar "zuwa asibiti" tana rufe abubuwa mabambanta. Wanda ke son a sauya masa tabarau, ko a cire masa wani ƙari da ya shekara biyar bai dame shi ba, ya jinkirta har annoba ta lafa, babu laifi, wataƙila ma ya fi. Sauran fa?

A ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 52 cikin 100 na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadi mafi yawa a duk Nijeriya, alhali a Legas kashi 2 ne. Fadamun shinkafa na bakin Kwara da Gulbin Kebbi, waɗanda su ne arzikin Dandi da Bagudo, su ne kuma matattarar sauro. Yaron da zazzaɓi ya kama a Agusta zai iya kaiwa ga jijjiga ko ƙarewar jini cikin kwana biyu ko uku. Korona kuwa, bisa abin da aka gani a duniya baki ɗaya, ba ta cika yi wa ƙananan yara tsanani ba. Uban da ya hana a kai irin wannan yaro asibiti don tsoron korona ya guje wa ƙaramin haɗari ne ya faɗa babba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta mutuwar mutum 627,000 da zazzaɓin cizon sauro a 2020, ƙarin 69,000 a kan shekarar da ta gabata, ya kuma danganta kusan 47,000 daga cikin ƙarin da tangarɗar da annoba ta jawo wa gwaji da magani da rigakafi. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa da wannan cuta a duniya.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya: zazzaɓi da ciwon kai da kasala alamu ne da cututtukan biyu suka yi tarayya a kansu. Mai zazzaɓin sauro yana ɓuya a gida don kada a ce korona ce a tafi da shi Kalgo, mai korona kuma yana sayen maganin zazzaɓi a kemis yana ci gaba da shiga sahu. Gwajin jini na ɗan yatsa, wanda ba ya wuce minti 20, shi ke fara raba gardamar, kuma sai an je inda ake yin sa.

Awon ciki ma haka yake. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. A wurin awo ake gano hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga, wanda sau da yawa ba ya ba da wata alama sai ya yi nisa, a nan ake ba da maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin sauro da allurar tetanus. Ciki ba ya jiran annoba ta wuce. Rigakafin jarirai kuma yana da ranaku: na ranar haihuwa, na mako 6 da 10 da 14, sai na ƙyanda da shawara a wata 9. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun sanar cewa yara miliyan 23 ne suka rasa rigakafin farko a 2020, ƙarin miliyan 3.7 a kan 2019. Ƙyanda ta fi korona saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma duk dattijuwar Dandi ta san abin da take yi wa gari idan ta shigo da bazara.

Mai tarin fuka shi ne mafi bayyanar misali a fiƙihance. Maganinsa wata 6 ne ba yankewa. Idan ya yanke, ciwon na iya dawowa da ƙwayar da ta bijire wa magani, ya kuma shafa wa iyalinsa. A kansa dalilai biyu na wajabci suka haɗu, tsoron halaka da tsoron yaɗawa. A shekarar 2020 ne mutuwa da tarin fuka ta ƙaru a duniya karo na farko cikin fiye da shekara 10. Abin da ya faru a Kano a watan Afrilun wannan shekara ma abin lura ne: Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ne ake jin suna da alaƙa da korona, galibi a jikin dattawa masu wasu cututtuka tun da farko. Wato mai hawan jini da mai ciwon suga su ne annoba ta fi kayarwa, kuma wanda ya bar maganinsa ya fi kowa zama a bakin ramin.

Ƙa'idar da malaman usulu suka gina a kan hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ita ce idan cuta biyu suka yi karo a ɗauki mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. Kuskuren da aka yi ta yi a 2020 shi ne ɗaukar zaman gida a matsayin wurin da babu cuta sam, alhali shi ma yana kan sikeli.

Haƙƙoƙin da ke kan mai zuwa

Halaccin zuwa, ko wajabcinsa, bai sauke wa mutum nauyin kare kansa da kare wasu ba. Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙif akwai mai kuturta, Annabi (S.A.W.) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. A Muwaɗɗa kuma an kawo yadda Umar (R.A.) ya ga wata mai kuturta tana ɗawafi ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Idan an nisanta mai cuta daga musafaha da Annabi da kuma ɗawafin Ka'aba, to ba da tazara a layin karɓar kati bai kai abin da za a yi jayayya a kansa ba.

Matakan kansu sanannu ne. Korona tana bin numfashi, ta fi kama mutum a rufaffen ɗaki mai cunkoso idan an daɗe a ciki. Saboda haka mai zuwa asibiti ya sa takunkumin da ya rufe hanci da baki tun daga cikin mota, domin motar haya mai cike da fasinja daga Kamba zuwa Birnin Kebbi ta fi ɗakin likita haɗari. Ya yi sammako, ya jira a baranda ko ƙarƙashin bishiya idan da hali maimakon cikin ɗaki, ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 a shiga da fita. Man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol, wanda wasu suka yi ƙyama, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi, domin ba abin sha ba ne kuma an yi shi ne don magani, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kuma ruwa da sabulu sun wadatar masa. Mai ciwon da ya daidaita, kamar hawan jinin da ke amsa magani, ya roƙi likita ya rubuta masa na wata biyu ko uku don rage zirga-zirga. Abin da ƙaramin asibitin unguwa zai iya, kamar rigakafi da awo da gwajin zazzaɓi, kada a tafi da shi babban asibiti.

Abu mafi nauyi a wannan yanki shi ne faɗin gaskiya. Rufe iyaka bai hana tsallakawa ba, ya dai mayar da ita ta ɓarauniyar hanya, a kan babur ta cikin gonaki ko a kwalekwale ta kogi. Mutumin da ya dawo daga Gaya ko Malanbil ta irin wannan hanya, idan ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko ya yi tafiya, yana da dalilin yin shiru, don yana tsoron hukuma. Amma shirun nan na iya sa a kwantar da shi kusa da mai ciwon suga, ko ungozoma ɗaya tilo da ke garin ta kamu a rufe ɗakin haihuwa na mako biyu. Ɓoye tari ko zazzaɓi ko tafiya a irin wannan hali algus ne, kuma cutarwar da ta biyo baya tana wuyan mai ɓoyewar. A ɗaya gefen, abin da majinyaci ya faɗa wa ma'aikacin lafiya amana ce. Aikinsa ya yi amfani da shi wajen ware majinyaci da yi masa magani. Ranar da mutane suka fahimci cewa maganar ɗakin likita tana isa kunnen jami'an iyaka, daga ranar ba mai sake faɗin gaskiya.

Dubiya da rakiya

Wurin da al'ada ta fi jin ciwo shi ne dubiya. Gaishe da mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa da suka tabbata a Bukhari da Muslim, a ƙasar Hausa da Dandi kuma rashin zuwa dubiya abin gori ne na shekaru. Majinyaci ɗaya sai a gan shi da masu jinya uku da 'yan dubiya cike da mota, da kwanukan abinci da tabarmi a baranda. Sai dai jumhurun malamai suna ganin dubiya mustahabbi ce, waɗanda suka wajabta ta kuma galibinsu sun ce farilla ce ta kifaya, wadda idan wasu suka yi ta sauka a kan saura. Manufarta sanyaya zuciyar mara lafiya da yi masa addu'a da duba buƙatarsa. A lokacin annoba mai jinya ɗaya, lafiyayye, wanda ba tsoho ba kuma ba mai ciki ba, ya isa ya ɗauke wannan nauyi. Saura su kira a waya, kuɗin motar da za su kashe su aika a sayi magani. A shekarar da aka dakatar da Umra tun watan Fabrairu, aka taƙaita Hajji ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya, jinkirta dubiya ba zai zama yanke zumunci ba.

Ibnu Hajar, wanda ya rasa 'ya'yansa mata a annoba, ya ba da labari a littafinsa Bazlul Ma'un cewa a shekara ta 833 bayan Hijira mutanen Alƙahira sun yi azumin kwana uku suka fita sahara suka taru don addu'ar ɗauke ɗa'un, bayan taron kuma mace-mace suka ninka. Bai soki addu'a ba, taron ya soka, don bai ga asalinsa a Sunna ba. Kyakkyawar niyya ba ta canza yadda cuta ke yaɗuwa a cikin taro, ko taron na sahara ne ko na barandar asibiti.

Saura mas'alar izinin miji, wadda a garuruwan iyaka take da wata fuska ta musamman. Magidanta da yawa fatake ne ko masunta ko 'yan ci-rani, kuma kulle ya riske wasunsu a wancan gefen iyaka ko a kudancin ƙasa. Matar da aka saba ba ta fita sai da izini, ga ranar awo ta zo, ga waya ba ta shiga, me za ta yi? Fuƙaha'u sun daɗe da bayyana cewa lalura tana halatta wa mace fita ko da babu izini, kuma tsoron halakar rai ko ta abin da ke ciki yana sahun gaba a lalurori. Abin da ya fi dacewa shi ne miji ya bayar da izini gamamme tun kafin ya yi tafiya, ya sanar da mahaifiyarsa da ƙannensa, ya bar kuɗin mota da na kati. Limaman Juma'a na Kamba da Illo da Ka'oje suna da damar isar da wannan a huɗuba ɗaya fiye da yadda takardun faɗakarwa za su isar a shekara.

An ɗage matakin dokar ta-ɓaci ta lafiya a kan korona a ranar 5 ga Mayu 2023, amma yankin bai rabu da annoba ba. Sanƙarau ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Kebbi a 2017, amai da gudawa ya biyo a daminar 2021. A Disambar 2024 kuma Kebbi da Bayelsa suka zama jihohi biyu na farko da aka fara ba yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya. Allurar sau huɗu ake yin ta, a wata 5 da 6 da 7, sai ta ƙarshe a wata 15, wato uwa za ta yi zuwa huɗu cikin wata goma a kan sauran ranakun rigakafin da ke katin ɗanta, kuma duk annobar da ta sake ɓullowa za ta tarar da dubban yaran Dandi da Bagudo a tsakanin allura ta biyu da ta uku.